Sa'ar Da Ake Cewa Makaɗa Sun Ɓata: Me Suke Yi Kafin Su Buɗe Baki?

Makaɗan da aka ɗauko biki, aka ba su kafin alƙalami, suka iso fili tun bayan La'asar amma ba su fara waƙa ba sai rana ta yi ja, cin amana suka yi ko kuwa suna bakin aiki ne? Da an kwashe amfanin gona, kakar aure ta kama a Gusau, Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, sai wannan muhawara ta dawo sabuwa. Mai biki ya ce yanga ce. Abokan ango su ce manya ake jira, masu hannu da maiƙo, don kada a ɓarar da waƙa a kan kujeru. Akwai ma masu raɗa cewa abin da ake yi a bayan mota ba shiri ba ne, ko dai ƙwaya ko surkulle.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne lokaci ya ƙuntata. A da ana iya kai wa asuba ana cashewa, don haka sa'a guda ba ta dami kowa ba. Yanzu kuwa, saboda halin tsaron da ake ciki, makaɗin da ya taso daga wani gari so yake ya bar hanya kafin duhu, baƙi ma haka. Tsakanin sallar La'asar da kiran Magariba a watan Disamba abin da ke akwai bai wuce sa'a biyu da 'yan mintoci ba. Wanda aka cinye masa rabin wannan da "halo, halo, wan, tu" ba za a ce ya yi rashin haƙuri ba in ya ɓata rai.

Sai dai abubuwa daban-daban ne ake zubawa a tukunya ɗaya a kira su "shiri". Akwai tayar da kayan kiɗa. Akwai buɗe murya. Akwai haɗa kunne tsakanin jagora da 'yan amshinsa. Akwai gwajin na'urar sauti. Sannan akwai jan lokaci zalla, wanda yake laɓewa a bayan sauran.

Fata tana jin yanayi kamar mai rai

Ina yaro an taɓa aikena a wani biki cikin damina in gaya wa wani dattijo mai kalangu cewa mai gida ya ce a fara. Na same shi a tsugune gefen wutar mai tsire, yaronsa na juya ƙaramar ganga nesa-nesa da garwashi, shi kuma yana ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa yana kasa kunne. Na ce, "Baba, Alhaji ya ce mutane sun taru." Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Yaro, tahi ka ce ma Alhaji, in kiɗi shika so, shi bari hwata ta sha wuta. In ko hayaniya shika so, yanzu ma mu taso." Na ɗauka raini ne. Sai da na girma na gane gaskiyar sana'arsa ya faɗa mini.

Fatar ganga fatar dabba ce, kuma ko bayan an jeme ta ba ta daina shan laima daga iska ba. In ta sha laima sai ta saki, sautin ya faɗi, ya koma dum-dum kamar ana dukan buhun dusa. In ta bushe sai ta ɗame, sautin ya hau ya yi kaifi. Shi ya sa gangar da ta yi zaƙi da hantsi za ta iya yin sanyi bayan an yi yayyafi da yamma. A hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, matsalar juyawa take yi: iska ta bushe ƙayau, fata ta ɗame fiye da kima, wanda ya faɗa mata da ƙarfi tun bugun farko yana iya fasa ta, ga jama'a sun taru, ga babu wata a jaka.

Kayan kiɗan ma ba ɗaya suke ba wajen jinya. Kalangu yana da tsarkiya da ta haɗa fatun bakinsa biyu, makaɗi na matse ta a hammata ya ɗaga sauti, ya sassauta ya sauke shi, da haka ne yake kwaikwayon hawa da saukar maganar Hausa har mai ji ya gane taken da ake bugawa. To amma in fatar ta jiƙe, komai matsar da za a yi ba za ta kai inda ake so ba, sai kalangun ya riƙa in'ina. Irin su kurkutu da bandiri kuwa, da ba a matsa su a hammata, rana ko wuta su ne maganinsu. Duk wanda ya saba zuwa wurin Mauludi ya san yadda 'yan bandiri ke zagaye kasko kafin sha'iri ya miƙe, ko da yake bandirin roba ya fara rage musu wannan wahala. Kotso, wanda makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru suka yi suna da shi, yana da nake, wani abu mai danƙo da ake liƙawa a tsakiyar fatarsa. Nauyin naken ne ke sauke sautin ya ba shi wannan amo mai zurfi, kuma a ƙungiyar da mutum huɗu ko biyar kowa ke rataye da nasa, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙara wa wannan a rage wa wancan, har bakinsu ya zo ɗaya.

Mai goge sai ya goga wa izgarsa ƙaro kafin ta kama, in ba haka ba zamewa za ta riƙa yi ba sauti. Mata masu amada da ke kifa ƙwarya a kan ruwa, yawan iskar da suka bari a ƙarƙashin ƙwaryar shi ne ke sa ta yi kauri ko siriri, don haka ɗage-ɗagen da ake gani suna yi ba wasa ba ne. Mai algaita kuma sai ya jiƙa bakinta ya yi ta hurawa har jikinta ya ɗumama. Dalili shi ne sauti ya fi sauri a iska mai zafi: yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafi na digiri 20, ya kai wajen mita 355 a digiri 40. Abin busa da aka daidaita yana sanyi, da ya sha numfashi minti goma sautinsa zai hau. A ƙasar da ake kwana da rawar ɗari a Janairu, a kuma haura digiri 40 a Afrilu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ka duba makaɗan da ke cikin jiragen ruwa a Matan Fada ranar kamun kifi na Argungu, bikin da aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ga rana a sama tana ɗame fata, ga ruwa a ƙasa yana fantsama yana sakin ta. Wanda bai gyara kayansa tun a tudu ba, a tsakiyar kogi ba inda zai samu garwashi.

Yanzu da aka shigo da fiyano cikin kiɗan biki, abin ya ƙara wuya. Fiyano na lantarki bai san damina ba bai san hunturu ba, inda kamfani ya ajiye sautinsa nan yake. Ba zai je wurin kalangu ba, sai dai kalangu da jita da algaita su zo wurinsa.

Murya tsoka ce

A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani biyu da tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Iskar huhu ce ke bi ta tsakaninsu tana kaɗa su. Namiji in yana magana sukan haɗu su rabu kusan sau 120 a daƙiƙa ɗaya, mace kuma sama da sau 200, in aka ɗaga murya cikin waƙa adadin ya ninka. A waƙar sa'a guda ana maganar karo dubu ɗaruruwa ke nan. Mawaƙin da ya sauko daga mota bayan ya sha ƙurar hanya, ya karɓi makirufo ya tsala ihu daga sama, kamar ɗan dambe ne da aka tayar daga barci aka tura shi fage. Yana iya kai labari ranar, amma washegari sai dai a yi masa magana ya amsa da ka.

Buɗe murya ba wani abin mamaki ba ne. Guɗa-guɗan sauti ne a hanci baki rufe, a fara daga ƙasa a hau a hankali, a karkaɗa leɓe, a motsa muƙamuƙi da wuya, a ja numfashi daga ciki. Minti goma zuwa sha biyar sun isa, wanda ya zarce haka da yawa ma gajiyar da kansa yake tun ba a fara ba. Kuma ba ya buƙatar lasifika. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nan ne kuma camfi ya yi yawa. Ana cewa zuma da citta da kanumfari suna "wanke" murya. Abin da mutum ya haɗiye ba ya bi ta kan waɗannan tantani, hanyar abinci daban ta iska daban, in da yana bi ta nan da shaƙewa za a yi. Abin ɗumi yana sanyaya maƙogwaro, wannan gaskiya ne, amma abin da ke sa tantanin su yi laushi shi ne ruwan da aka sha tun sa'o'i kafin wasa. Alewa mai sanyin maƙoshi tana ɓoye kaikayi ne kawai. Yawan kakin gyaran murya kuwa gwara tantanin yake da juna.

Batun ƙwaya fa? Ƙarya ne a ce babu masu sha a cikin sana'ar, kamar yadda ƙarya ne a ce duk haka suke. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Abin da ya kamata a sani shi ne irin waɗannan abubuwa ba sa buɗe murya, kashe jin zafi suke. Zafin kuwa shi ne ɗan saƙon da ke gaya wa mawaƙi ya sassauta. Wanda ya kashe ɗan saƙo zai ci gaba da tursasa maƙogwaronsa har ƙulli ya fito masa. Dushewar murya da ta haura mako biyu zuwa uku ta wuce shayi da zuma, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce.

Haɗa kunne

Wannan shi ne sashen da mai kallo bai cika lura da shi ba, alhali shi ne ran ƙungiya. Waƙar makaɗan wannan yanki ba ta mutum ɗaya ba ce. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya kai rabi ya saki, 'yan karɓi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindin waƙa gaba ɗaya. In ɗaya ya riga 'yan'uwansa da ƙiftawar ido, ko biyu suka ɗauka sama ɗaya ya ɗauka ƙasa, ko tsohuwar da ke bayan zana za ta ji an yi tuntuɓe. Saboda haka kafin a fito sai a zagaya gindin waƙar sau biyu sau uku ƙasa-ƙasa, a tsayar da saurin kiɗa, a san inda muryar jagora ta kwana yau, don ba kullum take kwana wuri ɗaya ba.

A nan ne kuma sanƙira, wato maroƙin da ke rakiyar makaɗi yana yi masa shela, ke kawo rahoto. Wane ne uban amarya, wace sarauta yake riƙe da ita, su wa suka haife shi, wa ya zo, wa ba ya ga maciji da wa. Makaɗin da ya wasa mutum da sunan kakan abokin gabarsa, ko ya ambaci ƙarami kafin babba, ya jawo wa mai biki abin da za a shekara ana sasantawa. Minti biyar ɗin da ake gani sun haɗa kai suna ƙus-ƙus sau da yawa wannan ake tacewa.

Lasifika ce ta fito da abin ɗaka fili

Ga inda nake ganin an fi kuskuren fahimta. Ana ɗauka wannan dogon shiri sabon yayi ne da 'yan fiyano suka kwaso. Ba haka ba ne. Makaɗan fada sun fi kowa shiri, bambancin dai a gida suke yinsa. A zaure ake ƙulla waƙa, a maimaita ta kwana da kwanaki, a shanya kotso a tsakar gida. Ranar Sallah ko daren Juma'a in suka doshi ƙofar fada, tun daga nesa suke tahowa da kiɗa, tafiyar kanta ta buɗe murya ta ɗumama hannu. Ba wanda zai tsaya gaban sarki yana gwajin ganga. Ba a fafe gora ranar tafiya, sun fi kowa sani.

Na'urar sauti ce ba ta yarda a shirya ta a gida. Dole sai a wurin da za a yi wasan, domin kowane fili da halinsa. Bangon da ke nesa da mita 17 yana dawo da sauti bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ya isa ya rikita ɗan amshi ya rasa ko muryarsa yake bi ko amsa-kuwwarta. Shi ya sa ake ajiye wa makaɗa ƙaramar lasifika a gabansu don su ji kansu. Wannan ƙugi mai huda kunne kuma da kowa ya tsana yana faruwa ne idan makirufo ya kama sautin da ke fita daga lasifika ya sake mayar mata, ita ma ta sake fitarwa, abin ya yi ta zagaye yana ƙaruwa. Mai sauti na ɗaga kowane makirufo ɗaya bayan ɗaya ne don ya gano iyakar da ƙugin ke farawa ya tsaya ƙasa da ita. Ƙungiya mai makirufo takwas, gwaji takwas ke nan, sannan a haɗa su. Zauren da babu kowa ma daban yake da wanda ya cika, don jikin mutane da manyan riguna suna shanye sauti, dole a ɗan sake taɓawa a waƙar farko.

Duk wannan sai da wuta, nan kuma gizo ke saƙar. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, mai biki ba ya son jin inji na ruri alhali kujeru babu kowa. Sai ya ce a bari mutane su taru. Mai sauti kuwa ba zai jona kayansa ba sai injin ya daidaita, ya kunna mahaɗar sauti, na'urar ƙara ƙarfi ta zo daga ƙarshe, don tsallen wuta ɗaya na iya ƙona masa jarin shekara. Ashe aikin da ya kamata a gama ƙarfe uku, tsimin mai ya tura shi ƙarfe biyar, a kan idon baƙi, a cikin kunnen maƙwabta.

Inda masu biki ke da gaskiya

Ba duk jinkiri ne shiri ba, kuma ba shi da wuyar ganewa. Shiri na gaskiya yana da gaba: ana farawa shiru-shiru, abu ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa na kan kayansa, kana jin sauti na gyaruwa. Jan lokaci kuwa a wuri ɗaya yake tafasa. Take ɗaya ake ta nanatawa, jagora na cikin mota an ɗage gilashi, sanƙira ya kafa wa ƙofa ido yana ƙirga motoci. Wannan liƙi ake jira. Ana iya fahimtar dalilinsu, tunda sau da yawa kuɗin da aka yi ciniki bai wuce na mota da abincin yara ba, ribar tana cikin abin da za a manna a goshi. Amma fahimta daban, yarda daban. Talakan da ya sayar da buhunan waken suya don ya fita kunyar 'yarsa bai ɗauko makaɗi don ya jira wani Alhaji ba.

Waɗanda ba su da hujja ko kaɗan su ne masu mamin, wato a saka waƙar da aka riga aka ɗauka a situdiyo daga filas, mawaƙi na motsa baki yana jefa "ina mata!" jefi-jefi. Ba fatar da za a gasa, ba 'yan amshin da za a haɗa wa kunne. Makirufo ɗaya ko biyu, minti goma ya yi yawa. Haka kuma, kamar yadda na ce a riƙe, buɗe murya da zagaya gindin waƙa ba sa buƙatar lasifika. Mawaƙin da ke yin nasa a makirufo a gaban jama'a ko dai bai iso da wuri ba, ko kuwa so yake a san ya iso.

Abin da ya shafi mai biki, maƙwabci da yaran kaya

Wasan da aka fara ba gwaji yana da farashinsa, kuma ba mai biki kaɗai ke biya ba. Mai sautin da aka hana shi lokaci ba shi da dabara sai ya ƙure ƙara don ya rufe aibu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa cewa matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a cikin kowane minti 15. A bukukuwanmu kuwa su wa ke zama dab da lasifika? Yara ƙanana, da jariran da ke goye. Ƙugi ɗaya mai ƙarfi a wannan kusanci ya isa ya bar kunne yana ɗiii har dare. Maƙwabci mai jinya ma ya fi iya haƙuri da gwajin minti ashirin da rana tsaka a kan ƙarar da ba ta da linzami har kiran salla.

Yaran kaya su ne kura da shan bugu. Su suka yi dako, su suka ja waya, in abin ya ɓaci su jagora zai harara a gaban mutane, su kuma dangin ango za su zaga, ga shi rabonsu a liƙi bai taka kara ya karya ba.

Wanda zai ɗauko makaɗa, ranar da zai ba da kafin alƙalami ya kamata a tsayar da lokaci biyu, ba ɗaya ba: ƙarfe nawa kaya za su iso, ƙarfe nawa jagora zai buɗe baki. Ya tambaya ko kiɗan hannu ne ko mamin, don kuɗinsu da lokacinsu ba ɗaya ba ne. Ya tanadar musu ɗaki ko inuwa a bayan fili, da ruwan sha, da ɗan kaskon garwashi in damina ce. Makaɗan da suka san kansu sukan nemi a ajiye wani kaso na kuɗin sai an tashi, mai biki ma yana iya neman hakan, da sharaɗin a fara a kan lokaci ko manya sun zo ko ba su zo ba. Sannan a faɗa ƙarara wa zai sayi 'yan litocin man da inji zai sha a sa'ar da kujeru ba kowa, mai biki ne ko mai sauti, domin shi ne abin da ba a cika ambata ba ranar ciniki, shi ne kuma ake tsayawa cacar baki a kansa ƙarfe huɗu da rabi, amarya na cikin mota tana jira.